Kifin da ya daina cin abinci, me ke kai bakinsa ga ƙugiya?

Ɗaliba daga Mabera:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. A darasin halittun ruwa an koya mana cewa kifin salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi ya tafi teku ya girma sannan ya komo kogin don hayayyafa, yana daina cin abinci tun daga ranar da ya shigo ruwan daɗi har ya gama zuba ƙwai. Sai kuma aka nuna mana hotunan Turawa tsaye tsakiyar kogi suna kama shi da fatsa, kuma babu tana ko fara a jikin ƙugiyar, gashin tsuntsu ne kawai aka naɗe da zare. Waɗannan abubuwa biyu sun ƙi haɗuwa a kaina. Idan kifi ya rufe cikinsa, me ke kai bakinsa ga ƙugiya? Ina roƙon Malam, da kuma Likita wanda ke zaune a ƙasar masu wannan su, su taimaka su warware mini.

Malamin Kifaye:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ba za ta amsu ba sai an bi kifin tun daga ƙwai, don haka ki yi haƙuri da tsawon bayani. Zan ɗauki na Tekun Atilantika, wanda ke shiga kogunan Norwe da Sikotland da Ayaland da gabashin Kanada.

Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sanyi ya fara kankama a waɗannan ƙasashe, macen takan nemi wuri mai tsakuwa a can saman kogi inda ruwa ke gudu garai-garai. Sai ta kwanta a gefenta ta riƙa bugun tsakuwar da wutsiya har rami ya samu, ta zuba ƙwai, namijin da ke tsaye kusa da ita ya zuba maniyyinsa a kai, sannan ta matsa gaba kaɗan ta sake tono, tsakuwar da ta tayar ta gangaro ta rufe ramin farko. Takan ɗauki ƙwai kimanin 1,500 a kan kowane kilo na nauyin jikinta. Ƙwan yana kwance ƙarƙashin tsakuwa duk tsawon hunturu, kuma ransa ya rataya ne ga ruwan sanyin da ke ratsa tsakanin tsakuwar yana kawo masa iska. Idan laka ta gangaro daga gonaki ta toshe waɗannan kafofi, ƙwan ya mutu ke nan tun ba a gan shi ba.

Da bazararsu ta shigo sai 'ya'yan su fito, kowanne da jakar gwaiduwa rataye a cikinsa, wadda ita ce abincinsa na makonnin farko, kuma ba ya barin tsakuwa sai ta ƙare. Daga nan sai ya fito fili ya kama wani ɗan wuri a bayan dutse, ya riƙa cafke ƙwarin da ruwa ke kawowa, da waɗanda suka faɗo a kan ruwa daga sama. Ki riƙe wannan batu na cafke ƙwaro, domin za mu komo kansa. A wannan mataki jikinsa yana da tabo-tabo baƙaƙe a jere, kuma yakan zauna a kogi shekara 1 zuwa 3, a kogunan can arewa masu tsananin sanyi ma ya fi haka.

Sai babban canji ya zo. Tabon ya ɓace, jikin ya koma fari fat mai ƙyalli, kuma cikin jikin nasa ya sake tsari gaba ɗaya. Kifin ruwan daɗi ba ya shan ruwa sosai, fitsari mai yawa yake yi don fitar da ruwan da ke shiga jikinsa. Na teku kuwa dole ya sha ruwan gishirin, ya rage fitsari, ya fitar da gishirin ta sassan numfashinsa da ke gefen kai. Yawancin kifayen duniya ɗaya daga cikin biyun kawai suke iyawa, shi ya sa karfasar gulbinmu ba ta zama a tsakiyar teku. Salmon yakan sauya daga wannan tsari zuwa wancan a cikin makonni, sannan ya bi ruwa ya gangara. Wasu sukan kai har yammacin Girinland ko tekun da ke arewa da tsibiran Faro, tafiyar dubban kilomita, suna cin ƙananan kifaye da jatan lande, wanda daga gare shi ne namansu ke samun jan launin nan. Kifin da ya bar kogi bai kai tsawon tafin hannu da yatsu ba yakan komo bayan shekara ɗaya yana da kilo 2 ko 3, wanda ya yi shekara biyu ko uku kuma ya haura kilo 5, wani ya wuce 10.

Kitsen da ya tara a teku shi ne guzurinsa na komowa. Da ya shigo kogi sai hanjinsa ya fara motsewa, launinsa ya yi duhu, haɓar namijin ta lanƙwashe, kuma akwai wanda ke shigowa tun watan Fabrairu ya zauna da yunwa har Nuwamba. Na Tekun Fasifik, wato irin na Alaska da yammacin Kanada, duk mutuwa suke yi bayan zuba ƙwai. Na Atilantika kuwa kaɗan daga cikinsu sukan tsira, su gangara teku a rame, su sake dawowa.

Masunci daga Wamakko:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Na gaji su daga mahaifina, shi ma ya gada daga nasa, kuma abin da ka faɗa bai zame mini baƙo ba ta wani gefe, domin kifinmu ma matafiyi ne. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin gulbi daren da aka yi ruwan sama mai ƙarfi na farkon damina ya san yadda tarwaɗa ke yi. Da ruwa ya fara malalowa daga tudu ja wur, za ka ji motsinta cikin duhu tana hawowa ta ƙoramar da jiya busasshiya ce, bayanta a waje, tana jan ciki cikin ruwan da bai kai idon sawu ba, har ta isa ciyawar da ruwa ya shanye, ta zuba ƙwanta a jikin ciyawar. Bargi kuma sheƙa yake yi da ciyawa a cikin fadama ya tsare 'ya'yansa. Wannan duk na gani da idona.

Abin da ya tsaya mini shi ne cewa da aka yi wai salmon yana komowa kogin da aka ƙyanƙyashe shi. Tarwaɗa duk fadamar da ruwa ya buɗe mata shiga take yi. Kifin da ya yi shekaru a teku, inda babu gaɓa balle alama, wa ya gaya masa hanya, kuma wa ya bi shi ya tabbatar?

Malamin Kifaye:
Baba, an bi shi, kuma an daɗe ana binsa. Ana kama ƙananan kafin su gangara, a yi musu alama ta hanyar yanke wani ɗan fiffike na baya ko a sanya musu ƙaramar waya mai lamba a hanci, a sake su, kuma bayan shekaru mafi yawan waɗanda suka tsira a kogin da aka sake su ake samun su. Game da yadda suke gane hanyar, wani masani na Jami'ar Wisconsin a Amurka mai suna Arthur Hasler, tare da ɗalibinsa Warren Wisby, sun kawo ra'ayi a 1951 cewa kowane rafi yana da ƙamshinsa na daban saboda irin ƙasa da duwatsu da tsirran da ya ratsa, kuma ɗan kifin yakan haddace wannan ƙamshi lokacin da yake shirin gangarawa. A wani gwaji da suka buga a 1954, sun kama kifayen da suka riga suka zaɓi reshensu a wani rafi na jihar Washington, suka toshe wa wasu hanci da auduga, suka mayar da su duka ƙasa da mahaɗar. Waɗanda ba a toshe ba galibinsu suka koma reshen da aka ɗauko su, masu toshewa kuwa suka rarrabu barkatai. A shekarun 1970 aka ƙara gaba a Tafkin Michigan, inda aka rena ƙanana cikin ruwan da aka ɗiga wa wani sinadari, kuma da suka girma sai suka nufi rafin da aka zuba wa wannan sinadarin, alhali ba su taɓa shigarsa ba.

A tsakiyar teku hanci ba zai yi aiki ba, can kuma hujjoji sun nuna cewa suna jin maganaɗisun ƙasa, shi ke kawo su kusa da gaɓar ƙasarsu, sannan hanci ya karɓa. Wasu kaɗan sukan ɓace su shiga kogin da ba nasu ba, kuma waɗannan ɓatattu su ne ke raya kogin da kifinsa ya ƙare. Don ka ji nisan tafiyar, Baba, akwai waɗanda ke hawa daga Tekun Fasifik zuwa Tafkin Redfish a jihar Idaho, tafiyar kusan kilomita 1,400 da hawan kusan mita 2,000, ba tare da loma ɗaya ba.

Likita a Sikotland:
Gaisuwa ga Baba da Malam. Ƙanwata, ni ba gwani ba ne a wannan su, amma na tsaya cikin ruwa tare da masu yinsa, kuma zan kwatanta miki yadda abin yake.

Bambancin farko da fatsarmu shi ne babu dalma ko wani abu mai nauyi a bakin igiyar. Ƙwaron gashin, wato gashin nan da aka naɗe a jikin ƙugiyar, ba shi da nauyin da za a iya jefa shi, don haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake jefawa, ita kuma ta ja ƙwaron. Sandar doguwa ce, ta kai mita 4 ko fiye, ana riƙe ta da hannu biyu. Mutum yana tsaye cikin ruwa har ƙugu sanye da wandon roba, sai ya ɗaga sandar a hankali, ya zagayo da igiyar ta kwanta a kan ruwa kusa da shi, ya kaɗa gaba, igiyar ta tafi tana warwarewa a iska kamar bulalar mahayin doki, ta sauka can nesa shiru. Wannan salon jifa an ba shi sunan Kogin Spey, inda aka ƙirƙiro shi saboda itatuwan gaɓa ba sa barin mutum ya kaɗa igiya ta bayansa. Ana jefawa a karkace zuwa gangaren ruwa, a bar ruwan ya ja ƙwaron ya ratsa kogin a hankali ta gaban inda kifin ke hutawa. Idan babu labari sai a ƙara taku ɗaya a sake jefawa, haka har ƙarshen gurbin. Mutum yakan wuni, har ya yi mako, bai ji ko taɓi ba.

Darasin da ya fi wuya ga wanda ya saba da fatsar gida shi ne na riƙe hannu. Mu da zarar mun ga motsi sai mu fizga. Salmon kuwa yakan taso ya ɗauki ƙwaron a hankali, ya juya zai koma makwancinsa, kuma wanda ya fizga a lokacin daga bakinsa zai zare ƙugiyar. Dattijon da ke kula da gaɓar da muka je ya riƙe mini gwiwar hannu da kansa, ya ce kada in motsa sai na ji nauyi ya ja igiyar daga hannuna.

Yanzu ga tambayarki. Masu su da masana suna kawo dalilai uku, kuma ina ganin kowanne yana da ranarsa. Na farko shi ne abin da Malam ya ce ki riƙe, wato sabon cafke ƙwaro tun yana ƙarami a wannan kogin da kuma bin ƙananan kifaye a teku, wanda bai gama fita daga jikinsa ba, shi ya sa sabon shigowa daga teku ya fi saurin kamawa. Na biyu faɗa ne, domin idan lokacin zuba ƙwai ya matso, namiji yakan kai cizo ga duk abin da ya ratso wurinsa, kuma a lokacin manyan ƙwari masu launi mai ƙarfi sun fi aiki. Na uku shi ne kifi ba shi da hannu, duk abin da ya ja hankalinsa da baki zai taɓa shi. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ba yunwa ce ke sa shi ba, kuma idan an buɗe cikin wanda aka kama a kogi kusan kullum wayam ake samu. Saboda haka ne ƙwarin salmon ba sa kama da wani ƙwaro na gaske. Wanda ake kira Jock Scott, na tsakiyar ƙarni na 19, an haɗa shi ne da gashin tsuntsaye iri-iri daga ƙasashe masu nisa. Na yanzu sun fi sauƙi, gashin dabba ne da aka rina baƙi ko rawaya ko ruwan goro, da ɗan zare mai walƙiya.

Mafi girman salmon da aka taɓa kamawa da sanda a Birtaniya wata mace ce ta kama shi, Georgina Ballantine, a Kogin Tay a 1922, mai nauyin kilo 29, kodayake ba da ƙwaron gashi ta kama shi ba. A yau fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka kama da sanda a Sikotland sakin su ake yi su koma ruwa.

Masunci daga Wamakko:
Likita, ɗana, na bi ka har zuwa jimlarka ta ƙarshe, a nan kuwa muka rabu. Tsage ma yakan kai wa abu mai ƙyalli cizo ko da a ƙoshe yake, don haka bayanin baki da faɗa ya shiga kaina. Amma a ce mutum ya biya kuɗi, ya wuni cikin ruwan sanyi, ya soki halittar Allah a baki, ya ja ta tana fafutika har ƙarfinta ya ƙare, sannan ya ɗauki hoto ya sake ta, wannan ban san sunansa ba. Malam ya gaya mana cewa kifin nan da guzuri ƙidayayye yake tafiya, bai da inda zai ƙaro. To ƙarfin da aka ƙwace masa a kan igiya, wa zai biya shi? Ni idan na jefa birgi na kama, iyalina ne za su ci, ko in sayar in sayi hatsi. Idan kifin ya yi ƙaranci har ba a iya cinsa, abin da hankali zai ɗauka shi ne a ƙyale shi ya wuce lafiya.

Almajirin Fiƙihu daga Gidan Igwai:
Allah ya ja da ran Baba, maganarka tana da tushe. Halaccin kifi ba abin jayayya ba ne, kuma aya ta 12 a Suratu Faɗir ta ambaci ruwa biyu, mai daɗi da mai zartsi, ta ce daga kowannensu muna cin nama sabo, abin da ya sa labarin wannan kifi mai rayuwa a cikin duka biyun ya ƙara mini tunani. Sai dai malaman mazhabarmu sun rarrabe farauta gwargwadon niyya. Wadda ake yi don ci ko sayarwa halal ce, wadda ake yi don wasa kawai sun karhanta ta, kuma hadisi ya inganta a kan hana mayar da abu mai rai abin gwada bara. Ina ganin akwai bambanci tsakanin wanda ya fita da niyyar ci, ya kama uwa mai ƙwai ko ƙaramin da bai isa ba ya mayar, wanda wannan kyautatawa ce, da wanda ya fita tun farko ya san ba zai ci ba. Wannan fahimtata ce ta ɗalibi, hukunci kuwa na manyan malamai ne.

Likita a Sikotland:
Allah ya gafarta Malam, Baba kuma ban ƙi maganarka ba, domin ko a nan akwai masu faɗin irinta, kuma a Jamus da Suwizalan doka ba ta yarda mutum ya fita su da niyyar saki tun farko ba. Amma bari in kawo hujjar ɗaya ɓangaren yadda take. Ƙungiyar NASCO, wadda ƙasashe suka kafa a 1984 don kare wannan kifi, ta bayyana cewa yawansa ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1983 da 2016, kuma a 2024 Norwe ta rufe koguna 33 ana tsakiyar lokacin su saboda ƙarancin masu komowa. Abubuwan da ke cinye shi sun haɗa da ɗumamar ruwa, da madatsu, da ƙwarƙwatar teku da ke yaɗuwa daga kejin kiwon salmon. A Sikotland haƙƙin su a kogi dukiya ce da ake mallaka, kuma kuɗin da masu sanda ke biya yana cikin abin da ake ɗaukar masu gadin kogi da shi, a gyara tsakuwar zuba ƙwai, a dasa itatuwa a gaɓa don inuwa ta sanyaya ruwa. Idan aka kore su gaba ɗaya, an kori mutanen da suka fi kowa sa ido a kan kogin. Sannan sakin yana da ƙa'ida: a danne ƙayar ƙugiyar don ta fita da sauƙi, kada a ja faɗan ya yi tsawo, kada a fitar da kifin daga ruwa, a tallafe shi da jiƙaƙƙen hannu kansa yana fuskantar ruwa har ya fizge da kansa. Bincike ya nuna mafi yawansu suna rayuwa su zuba ƙwai idan ruwan yana da sanyi, amma idan ya doshi digiri 20 mutuwar takan ƙaru, shi ya sa ake dakatar da su a wasu koguna lokacin zafi. Doka kuma ta hana sayar da wanda aka kama da sanda, ta hana kama shi ranar Lahadi.

Masunci daga Wamakko:
Hutun Lahadi da dakatarwar lokacin zafi na yaba da su, kuma muna da irinsu tun kafin zuwan Bature. A Argungu ruwan Matan Fada a tsare yake, ba mai jefa homa sai an ba da izini, kuma a da Sarkin Ruwa na kowane gari yana da gurbin da ya hana taɓawa har sai lokacinsa ya yi. Wannan hani ne, hani kuwa na fahimce shi. Kamawa a saki dai har yanzu zuciyata ba ta karɓa ba, kuma ba na jin za ta karɓa.

Injiniyan Ruwa daga Arkilla:
Ranku ya daɗe. Na ga an ambaci madatsu cikin masu laifi, kuma ina so a yi musu adalci. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan Rima ita ce ke riƙe ruwan da birnin nan na Sakkwato ke sha da rani, ita ce kuma ke ba manoman rani ruwa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san gulbi ba abin da za a bari sakaka ba ne. Turawan da ke rushe madatsu a yau sun riga sun sami wuta da ruwa ta wasu hanyoyi. Sannan ai akwai maganin da injiniyoyi suka daɗe da samowa, wato matakalar kifi, jerin ƙananan kwatami a gefen madatsa wanda kifi ke bi yana hawa ɗaya bayan ɗaya. Madatsar Bonneville a kan Kogin Kolumbiya a Amurka tana da ita tun 1938. Idan matsalar hanya ce, sai a gina irinta a nan.

Malamin Kifaye:
Injiniya, babu mai cewa a rushe Goronyo, kuma da ruwanta nake alwala. Amma matakala ba ta warware komai da komai ko ga salmon ɗin. A kan wannan kogi na Kolumbiya, madatsar Grand Coulee da aka kammala a 1942 ta yi tsawon da ba a yi mata matakala ba, kuma duk salmon ɗin da ke hawowa daga teku ya hayayyafa sama da ita ya yanke. Waɗanda ke zuwa Tafkin Redfish da na ambata suna ratsa madatsu 8, duk masu matakala, amma a 1992 kifi ɗaya tak ya iso. Dalili shi ne ƙananan da ke gangarawa suna ɓata lokaci a cikin ruwan da ya tsaya cik a bayan kowace madatsa, wasu su halaka a injin wuta. A Kogin Klamath kuwa an gama cire madatsu 4 a 2024, kuma cikin makonni aka ga salmon a rafukan jihar Oregon inda ya fi shekara 100 bai taka ba.

Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne tafiyar kifinmu ba irin ta salmon ba ce. Shi tsawon kogi yake bi daga ƙasa zuwa sama, yana iya tsallen kusan mita 3. Namu, kamar yadda Baba ya kwatanta, yawancinsa gefe yake fita, daga gulbi zuwa fadama, kuma ƙofarsa ita ce cikowar damina. Madatsa tana iya barin gulbi a buɗe amma ta riƙe cikowar, kuma a wannan hali ko an gina matakala ta zinariya tarwaɗa ba ta da inda za ta zuba ƙwai. Binciken da aka buga a 1985 kan ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya nuna cikowar ta ragu, shinkafar fadama ta ja baya, kamun kifi ma ya faɗi. Maganin da ya dace da mu an gwada shi a arewacin Kamaru, a fadamar Waza da Logone, wadda ta bushe bayan gina madatsar Maga a 1979. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da gangan aka mayar da cikowa a wani sashe na fadamar, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, masunta da makiyaya suka dawo. Wato abin nema shi ne a saki ruwa da lissafi, a lokacin da kifi ke jiransa, bayan an sanar da mutanen da ke ƙasa.

Injiniyan Ruwa daga Arkilla:
Wannan mai yiwuwa ne a shekarar da madatsa ta cika, Malam, amma injiniya ba ya buɗe ƙofa da ƙiyasi. Sai an ba shi wata da mako, da yawan ruwan, da tsawon kwanakin da ake so ya zauna a fadama, sannan a auna shi da bukatar masu shinkafa da masu gidaje a bakin gulbi. Masu salmon sun shekara da shekaru suna ƙirga kifinsu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa idan sun yi magana ake sauraro.

Ɗaliba daga Mabera:
Na gode, iyayena, na sami amsar tambayata har da ƙari. Malam, idan ka amince, ina so aikin bincikena na shekarar ƙarshe ya zama a kan wannan abin da Injiniya ya nema, wato lokacin da tarwaɗa da bargi ke shiga fadama a yankin Wamakko da Kwalkwalawa, da kwanakin da 'ya'yansu ke bukata kafin ruwa ya janye.

Masunci daga Wamakko:
Idan Malam ya amince, 'yata, ki zo tare da wani daga cikin yayyenki tun kafin ruwa ya sauka, ki ga ƙoramun a bushe, don ki san inda za ki kafa sandar awo. Zan haɗa ki da masunta na gaskiya a garuruwan da ke gaɓa, kowa ya riƙa gaya miki daren da ya fara jin kifi ya hau. Ki tanadi takalmin roba da fitila mai ƙarfi, domin aikin na dare ne, kuma ki rubuta har da girman idon ragar da za ki gani a hannun mutane, saboda masu tare bakin ƙorama da gidan sauro suna kwashe 'ya'yan da ke komowa gulbi suna cikin lissafin da za ki kai wa Injiniya.